Ranar da Aka Yi wa Cikin Miju Dariya

A minti na arba'in da biyu aka fara dariyar. Tak Hyeran ta san lokacin daidai, don wata huɗu ta yi a ɗakin tace fim ɗin, babu numfashin da ke cikinsa da ba ta haddace ba. Tana zaune ne a layin ƙarshe na wani gidan sinima a Seoul, ranar Talata da ƙarfe biyu na rana, ranar da ake nuna wa 'yan jarida da masu sharhi fim kafin ya fita kasuwa. Kusan mutum ɗari biyu ne a gabanta, kowa da ɗan littafinsa a kan cinya.

A allon, wata mace mai cikin wata bakwai na zaune a ƙasan kicin, ta yaye rigarta, tana ɗibar gishiri daga kwano tana shafa wa cikinta a hankali. Sai ta sunkuyar da kai ta yi wa cikin magana da ladabi, irin ladabin da ake yi wa suruki: "Baƙo, ka yi haƙuri, ka yi ɓatan hanya. Ba nan ne gidanku ba."

Wani a tsakiyar ɗakin ya so ya danne dariya, ta kuɓuce masa ta hanci. Na kusa da shi ya kama. Kafin ka ce me, ta zagaye ɗakin kamar wutar kara, har wata mata tana share hawaye da bayan hannu. Hyeran ta dafe hannun kujera. Shekararta arba'in da uku, wannan ne fim ɗinta na farko bayan shekara goma sha shida tana yi wa wasu daraktoci mataimakiya. A duk fim ɗin nan mai suna Baƙon Wata Tara, wannan wurin ne kaɗai ba ta ƙara ko wasali ɗaya daga kanta ba. Haka ta gan shi da idonta, shekara bakwai da suka wuce, a kicin ɗin ƙanwarta.

Miju ce ƙanwar tata, su biyu rak iyayensu suka bari. A garin Mokpo take aure, ita da mijinta Maeng Dosik suna da ɗan shagon taliya mai tebur shida kusa da tashar jiragen ruwa. Mace ce mai surutu da son zolaya, wadda in ta zuba wa mutum miya sai ta tsaya a kansa ta ji ya yaba. Da ta sami cikin fari bayan shekara biyar ana jira, unguwa duka ta yi murna. A wata na shida ta fara yin shiru. A na bakwai ta daina barin kowa ya taɓa cikin. Ta gaya wa mijinta cewa abin da ke motsi a jikinta ba ɗa ba ne, wani abu ne ya shigo ya kori ɗan ya zauna. Surukarta ta kai ta wurin mai duba, aka yi kaɗe-kaɗe aka watsa gishiri, abin ya ƙaru. Sai Dosik ya buga wa Hyeran waya yana kuka, ita kuwa ta ajiye aikinta ta hau jirgin ƙasa.

Wata uku ta yi tana kwana a tabarma gefen ƙanwarta, tana ɓoye wuƙaƙe a saman kwaba. Daga baya aka dace da wata likita da ta zauna ta saurara, ta ce ciwo ne sananne da kan kama ƙwaƙwalwar wasu masu ciki, kuma yana da magani. Aka haifi yarinya lafiya lau, aka sa mata Dallae. Sai da aka yi wata biyar kafin Miju ta yarda ta ɗauke ta, da ta ɗauka kuwa ba ta sake son ajiye ta ba.

Miju ce da bakinta ta kawo maganar fim, wata rana suna wanke kabeji. "Onni, ki rubuta shi mana," ta ce wa yayarta, don haka ƙanwa ke kiran yaya a harshensu. "Na rantse miki akwai wata yanzu haka a wani kicin tana jin abin da na ji, tana tsoron ta faɗa. Ki dai canja sunana, kuma ki samo kyakkyawa ta fito a matsayina, kada ki kawo min mai hanci kamar naki."

A labarin da Hyeran ta rubuta babu aljani ko ɗaya. Mace ce kawai da tsoronta, da mutanen da suka kasa jin ta. Shekara huɗu tana yawo da shi kamfani-kamfani, kowa ya karanta ya yaba ya mayar mata. Shugaba Gil, mai wani kamfanin fim, shi kaɗai ya ce zai yi, mutum ne mai fara'a wanda ba ya cewa a'a, sai dai "mu ɗan gyara". Aka fara da inuwa a bango. Daga inuwa aka koma hannu da ke turo fatar ciki. Daga nan aka kawo mai korar aljanu. Duk lokacin da ta yi gardama sai ya ce, "Darakta, ki bar musu wannan, ni kuma in bar miki wurin gishirinki." Da aka zo ƙarshe, ta riga ta sa hannu a takardar da ta ba kamfani ikon yanke hukunci na ƙarshe. Suka cire wurin da uwa ta ɗauki jaririyarta, suka sa jaririya ta buɗe idanu baƙaƙe wuluk, da 'yan ƙahoni biyu suna tsirowa a goshinta. Hyeran ta yi kuka a ofishin Gil. Ya miƙo mata hankici, ya ce ta yi aiki da yawa, ta je ta huta.

Da aka kunna fitilu bayan nunin, aka jera su a kan dandali, ita da jarumar fim ɗin, Bang Seri, yarinya mai shekara ashirin da shida da ta ba fim ɗin duk abin da take da shi. Wani dattijo mai furfura a layi na uku ya ɗaga hannu. Kowa ya san shi, Seok Manho ne, shekara talatin yana sharhin fina-finai, kuma layi ɗaya da zai rubuta kan tayar da fim ko ya binne shi.

"Darakta Tak," ya ce, "tambayata gajeriya ce. Kina so mu tausaya wa matar nan ne, ko kina so mu yarda da ita? Don awa ɗaya kin nuna mana mara lafiya, sai a ƙarshe kika ce ashe gaskiyarta ce, shaiɗan ta haifa. Wanne ne fim ɗinki?"

Ta san amsar, tana bakinta. Ta hango Shugaba Gil a bakin ƙofa, hannayensa a aljihu, yana murmushi. "Na bar wa masu kallo su yanke," ta ce. Seok ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu gajere.

Ranar Alhamis sharhin ya fara fitowa. Tauraro ɗaya da rabi cikin biyar Seok ya bayar, ya rubuta: "Wadda ta rubuta wannan ba ta taɓa zama minti goma kusa da mai ciki ba." Wata ta ce fim ne da ya mayar da mahaifar mace kogon dodanni, kuma abin kunya ne a ce mace ce ta yi shi. Wani ya ce a ƙasar da ake roƙon mata su haihu, ga wata ta zo tana tsorata su. Wani matashi da ke sharhi a intanet ya yaba wa ƙahonin, ya ce su kaɗai ne aka yi da gwaninta, sauran kuwa, musamman wurin gishiri, wasan barkwanci ne da bai san kansa ba. Hyeran ta karanta su duka a tsaye a kicin ɗinta, shinkafarta na hucewa. Abin da ya fi ci mata rai, rabin abin da suka faɗa ita ma ta faɗa wa Gil, kusan da kalmomi iri ɗaya.

Kafin Asabar an yanko wurin gishirin an watsa. Maza masu tumbi suka riƙa yaye riga a gidajen cin abinci suna shafa gishiri, suna cewa, "Baƙo, ba nan ne gidanku ba." 'Yan makaranta suka yi wa ƙurajen fuskarsu. Wani ya yi wa karensa mai ciki. Wani ya ɗora maganar a kan kiɗa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa Hyeran ta ji 'yan mata biyu a bayanta suna maimaitawa suna ƙyalƙyala dariya, ta sauka tun ba a kai tasharta ba.

Ta sami Shugaba Gil a ofis yana cin gasasshen dankali, fuskarsa kamar gonar auduga.

"Darakta! Zauna, zauna. Kin ga adadin 'yan kallon jiya? An ƙara mana sinima sittin."

"Dariya suke zuwa yi, Shugaba."

"To da ƙafa suke zuwa ko da dariya? Kujera ba ta tambayar abin da ya kawo mutum. Zagi ma talla ne, ke dai ba ki saba ba ne."

"Ina so in yi magana. In ce ƙarshen ba nawa ba ne."

Ya ajiye dankalin ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Kin san abin da kika sa wa hannu. Ba ki da ikon kushe fim ɗin a bainar jama'a har shekara uku. Ni ba zan so in haɗa ki da lauyoyi ba, ina ganin girmanki. Kuma in kin faɗa, me zai canja? Cewa za su yi daraktar da ta kasa riƙe fim ɗinta ta zo tana neman wanda za ta shafa wa kashin kaji."

Ta fito ta tsaya a bakin titi. Ko da babu takardar, amsa ɗaya ce tak za ta rufe bakin Seok: na zauna kusa da mai ciki, wata uku, ƙanwata ce. Ita ce kuma amsar da ba za ta taɓa iya bayarwa ba.

Ranar Litinin da hantsi Miju ta kira. Hyeran ta daɗe tana kallon sunan kafin ta ɗauka. Ta gaya wa ƙanwarta tun tuni cewa an ƙara wasu abubuwan ban tsoro, amma ba ta taɓa samun bakin faɗa mata ƙarshen ba. Kullum sai ta ce gobe.

"Onni, kin ci abinci?"

"Na ci. Ke fa?"

"Na je na gani. Jiya da rana, ni kaɗai. Na ce wa Baban Dallae zan je kasuwa." Ana jin ƙarar tukunya a bayanta. "Yarinyar ta iya, kin cika alkawari, kyakkyawa ce. Har yadda nake riƙe kwanon ta yi."

"Miju..."

"Sun yi dariya, Onni. Ɗakin duka. Matar da ke gefena har tana dukan kafaɗata. Ni ma sai na yi, don kada ta gane." Muryarta ba ta rawa ko kaɗan, wannan ne ya fi tsorata Hyeran. "Wannan ban damu ba sosai. Wataƙila abin dariya ne, ni ce ban gani ba don ina ciki. Amma me ya sa kika sa wa jaririyar ƙaho?"

"Ba ni ba ce. Wallahi na yi faɗa, na yi kuka, kamfani ne..."

"Sunanki na gani a rubuce."

"Na sani."

"Shekara biyu likita tana koya min in ce ba gaskiya ba ne, ciwo ne. Kullum da safe sai na faɗa wa kaina kafin in shiga ɗakin Dallae. Jiya na dawo, tana zaune tana aikin makaranta, sai na tsinci kaina ina kallon goshinta. Daƙiƙa ɗaya ce kawai. Amma na kalla." Aka kira ta daga cikin shago, ta amsa da ƙarfi da muryarta ta kullum, sannan ta dawo. "Baƙi sun shigo. Sai anjima."

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila lokaci ya rufe shi. Sai dai ranar Laraba aka gayyaci Bang Seri wani shirin rediyo na rana, masu gabatarwa suka ajiye mata kwanon gishiri a tebur suna tsokanarta ta maimaita. Yarinyar ta daure, ta daure, sannan ta fashe. Ta ce su ji kunya, abin da suke wa dariya ya faru da mace ta gaskiya, 'yar'uwar darakta ce ta jini, kuma tana nan da ranta da 'yarta. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Tana fitowa ta kira Hyeran tana kuka tana ba da haƙuri, Hyeran ta ji kanta tana lallashinta.

Washegari kamfani ya ƙara layi ɗaya a kan fosta: daga labarin gaskiya. Masu bincike a intanet kuwa kwana biyu ya ishe su. Dangi masu sunan Tak ba su da yawa. Wani ya tono tsohon hoto da Hyeran ta taɓa sawa tana cin taliya, da allon shagon a bayanta. Ranar Asabar aka fara ganin bidiyon matasa a ƙofar shagon a Mokpo, da ƙullin gishiri a hannu.

Ta koma wurin Gil, ya ce a cire layin daga fosta, aka cire, bayan duniya ta gama gani. Ta je wurin 'yan sanda, suka karɓi bayani da mutunci, suka ce wanda abin ya shafa ne zai shigar da ƙara, kuma mutum dubu nawa za a kama? Ta rubuta wa shafukan da ke ɗauke da bidiyon, suka sauke uku, talatin suka hau. Da ta rasa inda za ta dafa, sai ta nemi lambar Seok Manho.

Ya yarda su haɗu a wani ɗan gidan shayi kusa da gidansa. Ta zo da shirin ta tsane shi, sai ta tarar da tsoho mai tari, da rigar sanyi da ta koɗe a gwiwar hannu. Tun kafin ta zauna ya miƙe ya sunkuya mata.

"Layin nan da na rubuta, na cewa ba ki taɓa zama kusa da mai ciki ba, na yi kuskure, kuma na yi rashin ladabi. Ina neman afuwa."

"Malam Seok, ba afuwa na zo nema ba. Ka rubuta wani abu. Suna jin maganarka. Ka ce su bar ta."

Ya juya kofinsa a kan tebur. "Masu zuwa ƙofar ƙanwarki ba sa karanta ni, Darakta. Layin da ya yi zafi kawai suke ɗauka su wuce. In na rubuta yau cewa matar gaskiya ce, a tausaya mata, gobe jaridu biyar za su tura mutane Mokpo su ɗauko hoton wadda ake tausaya wa. Na ga an yi haka ba sau ɗaya ba."

"To ka ce wurin gishirin gaskiya ne. Ka ce ba abin dariya ba ne."

"Na sake zuwa na kalla ranar Juma'a, da kuɗina." Ya yi tari ya kau da kai. "Ni ban yi dariya ba, ko a karon farko. Amma na gane abin da ya sa suka yi. Minti biyu kafin wurin an nuna musu hannun dodo yana turo ciki, an saka musu kiɗan tsoro, sun shirya wa ihu. Sai ga mace tana ba shaiɗan haƙuri. A wani fim ɗin, da wurin nan ya sa mutane kuka. Ina jin kin rubuta wancan fim ɗin. Amma ba shi aka nuna min ba, ni kuwa abin da aka nuna min kaɗai zan iya yi wa sharhi."

"To me zan yi?"

Ta ji kunyar tambayar tun tana fitowa. Dattijon ya daɗe yana dubanta. "Ban sani ba," ya ce. "Yawanci sukan gaji cikin wata guda."

Ta hau jirgin safe zuwa Mokpo. Shagon a rufe yake, an manna takarda a ƙofa cewa an tafi hutu. Dosik na tsugune yana kankare wani abu da aka zana a jikin ƙofar da jan fenti. Ya rame. Da ya gan ta ya miƙe ya gaishe ta yadda ya saba, bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

"Yaya, kin sha hanya. Suna sama."

"Baban Dallae, ni..."

"Jiya wasu suka zo, suka ci taliya kwano huɗu, suka yaba, suka biya. Da za su tafi sai ɗayan ya ce wa Maman Dallae ta ɗan faɗi maganar nan ya ɗauka a waya, sau ɗaya kawai, don budurwarsa." Ya dubi abin kankarar da ke hannunsa. "Ba su ma san mugunta suke yi ba. Da sun sani da na san yadda zan yi da su. Hau, Yaya."

A sama, Miju na zaune a ƙasa tana naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Ba ta tashi ba. Dallae ce ta rugo ta rungume ƙafafun Hyeran, 'yar shekara bakwai mai giɓi a gaba, an yanke mata gashi ya rufe goshi.

"Imo! Kin kawo min tsaraba?"

Imo, wato inna, haka yarinyar ke kiranta. Hyeran ta manta. Karon farko ke nan da ta zo hannu rabbana. Yarinyar ba ta damu ba, ta ja ta zuwa taga tana nuna mata wani jirgin ruwa, sannan ta rage murya kamar mai faɗin sirri.

"Imo, wai ni ce a fim ɗinki? Junho na ajinmu ya ce ni ce. Ya ce in ɗaga gashina su gani. Na ɗaga, ba su ga komai ba, sai suka ce wai sai na girma za su fito." Ta taɓa goshinta. "Za su fito?"

Hyeran ta durƙusa. "Ba za su fito ba. Babu komai a nan sai goshi mai kyau. Ƙarya ce aka yi da na'ura."

"To me ya sa kika yi ƙarya?"

"Dallae, je ki taya babanki," in ji Miju. Yarinyar ta sauka tana tsalle a matakala.

Hyeran ta zauna gaban ƙanwarta. Duk maganar da ta shirya a jirgi ta watse. Miju ta turo mata jaridu da ƙafa, ta ɗauki kwano ta fara naɗewa ita ma. Suka cika kwali guda.

"Kwana huɗu ke nan ba ta je makaranta ba," Miju ta ce daga baya. "Surukata ta ce dama ita ta san jininmu ba shi da kyau. Likita ta mayar da ni kan magani, rabin ƙwaya. Wani abokin Baban Dallae ya samo masa aiki a wani gari, za mu tafi ranar Laraba."

"Wane gari?"

Miju ta ci gaba da naɗe kwanonta. "Zan gaya miki in mun zauna."

"Ki zage ni, Miju. Don girman iyayenmu ki ce wani abu."

"Me zan ce? Ni na ce ki rubuta." Ta ɗago, idanunta a bushe. "Na yi ta neman wanda zan ji haushi, Onni. In na kama ki, sai in tuna ke kika kwana a ƙasa wata uku. In na kama yarinyar nan ta rediyo, sai in ga kare ni take yi. Na gaji. Ina so kawai in je inda in na sayi gishiri a kanti ba wanda zai kalle ni." Ta rufe kwalin. "Miƙo min salatif ɗin can."

Hyeran ta kwana uku tana ɗaure kaya. Ranar Laraba da safe motar ta zo, aka loda tebura shida da tukwane. Dallae ta leƙo ta taga tana ɗaga hannu har suka sha kwana.

Seok ya yi kusan daidai. Sati biyar fim ɗin ya yi a sinima, sannan wani mawaƙi ya yi abin kunya, jama'a suka koma kansa. A ƙarshen shekara Baƙon Wata Tara ya fito a jerin fina-finai mafi muni na mujallu uku, kuma ya mayar wa kamfani abin da ya kashe har ya ninka. Da bazara Shugaba Gil ya kira ta da fara'arsa, ya ce za a yi kashi na biyu, inda jaririyar ta girma ta shiga makaranta. Ta ce ba za ta yi ba, kuma ta roƙe shi kada a yi. Ya ce ya fahimta ƙwarai, yana girmama ra'ayinta. Aka ba wani saurayi da ya saba yin tallan mota, don labarin da sunan duk mallakar kamfani ne.

Ba wanda ya sake kawo mata aikin darakta. Ta koma koyar da rubutun fim a wata makarantar yamma, inda ɗalibai suka san ko ita wace ce, suna kuma da kirkin da ba sa tambaya. Takan kira Miju ranar Lahadi. Wani lokaci a ɗauka, a yi maganar sanyi da tsadar kabeji minti uku, wani lokaci wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Ana saura kwana tara bikin kaka, lokacin da kowa ke komawa gida wurin danginsa, saƙo ya shigo mata tana tsakiyar aji. Daga Miju ne. Adireshi ne kawai, sunan wani ƙaramin gari a gabar gabas, da lambar gida, babu gaisuwa, babu ko kalma ɗaya a ƙasa. Hyeran ta karanta shi sau uku a tsaye gaban allo. Ba ta san ko cewa ake ta zo ba, ko kuwa wurin da za ta aika wa yarinya kyautar biki ake nuna mata, kuma ta ji tsoron tambaya. Wani ɗalibi ya ce, "Malama, lafiya?" Ta ce lafiya, ta kifa wayar a kan tebur, ta tambaye su a ina suka tsaya.